Wai akwai mai jin daɗin motsa jiki da cin ganye, ko duk daurewa ake yi?

Abban_Mufida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaruna 44. Wata uku da suka wuce likita ya auna ni, ya ce jinina ya fara hawa, suga ma yana bakin gaɓa, don haka in rage teɓa in kama motsa jiki. Wannan ne karo na huɗu da nake "farawa", kuma kullum labarin ɗaya ne. Satin farko kamar sabon soja: in tashi da duku-duku in yi ta gudu har in ji zuciyata za ta fito ta baki, in dawo in zauna gaban dafaffen kabeji lami da ƙwai biyu, yara na gefe suna ta santin nasu abincin. Kafin sati na uku sai ka same ni da tsakar dare a gaban firji, ina sanɗa kamar ɓarawo a cikin gidana. Takalmin gudun da na saya yana ƙarƙashin gado, gizo-gizo har ya yi saƙa a ciki.

Tambayata ke nan, kuma don Allah a gaya mini gaskiya: akwai wanda yake jin daɗin wannan abu har cikin ransa, ko kowa cije haƙora yake yi sannan ya zo ya yi mana murmushi a hoto?

Ɗan_Tsere:
Wa alaikumus salam. Malam, in gaya maka gaskiya tun da ita ka nema: ba don daɗi ake yi ba. Magani ma ɗaci gare shi. Shekara tara ina gudu, kuma har yau in agogo ya kaɗa da asuba ba na jin tashi. Tashi nake yi don na ɗaukar wa kaina alkawari. Duk wanda ya tsaya jiran ranar da abin zai yi masa daɗi, zai daɗe a ƙarƙashin bargo.

Ummu_Hanan:
Abban Mufida, ni dai kabejin nan ne ya tsaya mini a rai. Wa ya ce maka haka ake cin sa? Ka dafa ganye a ruwa har ya yi laushi kamar tsumma, ba gishiri ba albasa, ai ko akuya sai ta shinshina ta wuce.

Gwada wannan. Yanka kabejin manya-manya, haɗa da karas da albasa da tattasai, zuba mai cokali ɗaya, tafarnuwa, citta, ɗan barkono da ɗan gishiri kaɗan, ka gasa da wuta mai ƙarfi har gefensa ya fara yin ja yana ƙauri-ƙauri. Da ka sauke sai ka matsa lemun tsami a kai. Albasa da karas suna da zaƙinsu na halitta, zafin gashi ne ke fito da shi, ruwa kuwa wanke shi yake yi ya tafi da shi. Maigidana da ke cewa ganye abincin marasa lafiya ne, yanzu shi ke kankare ƙasan faranti yana neman wanda ya fi gardi.

Kwaɗo_Sarkin_Tsalle:
"Kamar ɓarawo a cikin gidana" 😂😂 Yaya, ashe muna da yawa a wannan sana'ar. Ni har na san yadda ake buɗe firji ba tare da ya yi ƙara ba.

Sista_Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗan sa baki. Abban Mufida, matsalarka ta farko ita ce ka ɗora wa kanka abin da ba wanda ya ɗora maka. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan kwana biyu a mako ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Raba 150 a kan kwana biyar, minti 30 ke nan. Matsakaici kuma yana da sauƙin ganewa: kana iya magana da na kusa da kai amma ba za ka iya rera waƙa ba. Tafiya da ɗan sauri ta shiga ciki. Gudun da kake yi har zuciya ta nemi fita ba shi ne farilla ba, kuma ga mai hawan jini da ya daɗe a zaune, ba ta nan ake farawa ba.

In kana cikin yi ka ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, tsaya nan take ka nemi likita. In kuma za ka ɗaga wani abu mai nauyi kada ka riƙe numfashi, yana sa jini ya yi tsalle sama.

Abban_Mufida:
@Sista_Rabi na gode Sista. Wallahi na ɗauka in ban jiƙe sharkaf da gumi ba to ban yi komai ba.

Ɗan_Tsere:
Tafiya dai tafiya ce, ba na raina ta. Amma kada a yaudari bawan Allah. Ita ma tafiyar ranar da aka tashi da sanyi ko aka kwana da gajiya ba za ta yi masa daɗi ba. Can ma horon kai zai nema.

Mai_Keke:
@Ɗan_Tsere Yayana, shekara tara kana yi kana cewa ba daɗi? Ban yarda ba. Tashin ne ba ka so, amma na rantse akwai abin da kake ji a minti na ashirin, lokacin da jiki ya saki, wanda shi ke mayar da kai gobe. Ba mahalukin da zai yi shekara tara yana abin da ya tsana ba a biyansa.

Ni gudu bai karɓe ni ba sam, gwiwa ta ƙi. Na yi rajista a gidan motsa jiki na shekara guda cur, zuwana bai kai goma ba, kullum ina kan injin tafiya ina kallon bango kamar wanda aka sa wa hukunci. Wata rana na ari keken ƙanina zan je sayo wani abu, da na zo gangara na saki feda, iska ta bugi fuskata, sai na ji ni kamar ɗan shekara goma sha biyu. Da dariya na dawo gida. Shekara uku ke nan ban ajiye keke ba, kuma ban taɓa ce wa kaina "zan je motsa jiki" ba, cewa nake zan ɗan zaga. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abban Mufida, me kake so kana yaro? Koma can ka duba.

Abban_Mufida:
Ƙwallo mana. Mai tsaron baya ne ni, ba a wuce ni 😅 Amma rabona da taɓa ƙwallo ya fi shekara ashirin.

Dattijo58:
Ɗana, ka bi a hankali da ƙwallon nan. Ƙwaƙwalwa tana tuna shekara ashirin, amma jijiyar agara ta san shekararta 44. Na ga abokai biyu da suka koma fili da zafinsu, ɗaya sai da aka ɗauko shi. Ka yi wata biyu kana tafiya tukuna, sannan ka nemi sa'o'inka ku riƙa bugawa a ƙaramin fili. Akwai ma wadda ake bugawa da tafiya kawai, an hana gudu a cikinta, a Ingila dattawa sun rungume ta sosai.

Ni abin da ya riƙe ni shi ne abokin tafiya. Mu uku ne, duk mun yi ritaya. Ba don lafiya nake fita ba in gaya maka gaskiya, don hira nake fita. In na makara, sai in ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, kunya ba za ta bar ni in koma barci ba. Mun warware siyasar duniya kaf a kan hanyar nan, sau ɗari.

Malam_Lissafi:
Baba Dattijo ya taɓo wuri mai muhimmanci. Akwai wani taro da ake kira parkrun, an fara shi a 2004 a wani lambu mai suna Bushy Park a Landan da mutum 13 kacal. Kilomita 5 ne duk safiyar Asabar, kyauta, mai gudu ya yi gudu mai tafiya ya yi tafiya, kuma ana sa ɗan sa-kai ya riƙa bin baya don kada wani ya ji shi ne na ƙarshe. Yau ana yin sa a ƙasashe da dama. Nisan ba wani sabon abu ba ne, kowa na iya yin kilomita 5 shi kaɗai. Jama'ar ce ke janyo mutane.

Direban_Dare:
Duk wannan na masu lokaci ne. Ni awa goma sha biyu nake yi a kan kujerar mota. Ina zan samo minti 30 a jere, balle abokin hira?

Sista_Rabi:
@Direban_Dare Malam, ba sai a jere ba. A da ana cewa sai motsin ya kai minti 10 a lokaci guda kafin a lissafa shi, amma ƙa'idar 2020 ta cire wannan sharaɗin, ko minti nawa ka yi ya shiga lissafi. Duk inda ka tsaya, sauka ka zaga motar sau biyar, ka dafa jikinta ka yi tsugunne-tashi goma. Bayanka ma zai gode maka.

Direban_Dare:
Mutane za su ce direban ya zautu 😄 Amma zan gwada ta bayan mota inda ba a gani.

Gimbiya_Zee:
Ni agogon hannu ne ya kusa kashe mini sha'awa. Kullum sai ya nuna mini ban cika taku 10,000 ba, in kwanta ina jin kamar na faɗi jarrabawa. Akwai daren da na yi ta zagaye falo ƙarfe sha ɗaya saboda saura taku ɗari takwas, mijina yana kallona yana salati.

Malam_Lissafi:
@Gimbiya_Zee Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan 10,000 ɗin ba daga asibiti ya fito ba, daga talla ya fito. A 1965 wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma, lambar ta yi daɗin faɗa sai ta bi duniya. A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard ƙarƙashin I-Min Lee sun bibiyi mata tsofaffi sama da 16,000. Waɗanda ke yin taku wajen 4,400 a rana mace-mace ya yi ƙasa a cikinsu idan aka kwatanta da masu yin wajen 2,700, amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500 sannan ya daidaita. A lura, a kan tsofaffin mata aka yi shi, ba zan ce lambar ta dace da kowa ba. Amma dai ba wanda ya faɗi jarrabawa don ya tsaya a 9,200.

Bakin_Ganga:
Kullum sai an kawo mana "bincike ya nuna". Gobe wani binciken zai fito ya ce akasin haka. Jiya an ce ƙwai guba ne, yau an ce a ci. Ni dai abin da na sani, in ka rage ci ka ƙara motsi za ka rame, shi ke nan.

Ɗalibar_Abinci:
@Bakin_Ganga Yaya, "rage ci" ai shi ne abin da Abban Mufida ya yi sau huɗu, ga shi nan a gaban firji. Tambayar ita ce me ya sa rage cin ke gagara.

Bari in ba ka wani da aka yi a tsanake. A 2019 Kevin Hall na Cibiyar Lafiya ta Ƙasa a Amurka ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike na tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, irin na leda da gwangwani, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan asali. An daidaita sukari, mai, gishiri da sauransu a abin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci) wajen 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren suka rage kusan kilo ɗaya, ba tare da an hana su komai ba. Abin da ya fi burge ni: da aka tambaye su daɗin abincin, ba su fifita na masana'antar ba. Sun dai fi saurin cinye shi ne, yana wucewa kafin ciki ya aika saƙon ƙoshi.

Don haka ni ba na ce wa mutum ya rage, cewa nake ya ƙara. Ƙara wake, ƙara ganye, ƙara kifi ko ƙwai, ƙara 'ya'yan itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. In ka cika rabin farantinka da su, sauran da kansa zai ragu, kuma ba za ka kwana da yunwa ba. Man da Anti Ummu Hanan ta ce a zuba ma yana da aiki, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A a cikin karas ya fi shiga jiki in akwai ɗan maiƙo.

Ummu_Hanan:
Kin ji ko! Ashe ina da hujja ban sani ba. Allah ya yi miki albarka ƙanwata.

Wani abu kuma Abban Mufida, daina cin naka daban. Kana gefe da kwanon "mara lafiya", iyali na can da nasu, dole ranka ya biya. A gyara tukunyar gidan gaba ɗaya a hankali, yaran ma ribarsu ce.

Maman_Biyu:
Anti, a hankalin nan shi ne maganar. Ni rana ɗaya na yanke gishiri da ɗanɗanon girki a gidana saboda hawan jinin maigida, aka yi mini yajin cin abinci. Har shi wanda ake yi dominsa. Sai na koma yadda nake yi, na riƙa ragewa kaɗan-kaɗan duk mako ban gaya wa kowa ba, ina ƙara tafarnuwa da kayan ƙamshi da lemun tsami. Bayan kamar wata biyu muka ci abinci a waje, babban ɗana ya ce "Mama wannan gishiri ya yi yawa." Na yi shiru ina dariya a ciki.

Sista_Rabi:
Haka harshe yake, yana sabawa. Abin da ake so shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi da abincin gwangwani da dunƙulen ɗanɗano. Sai dai masu sayen gishirin da aka haɗa da fotasiyam a madadin na gargajiya, mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magungunan hawan jini ya tambayi likitansa tukuna.

Kwaɗo_Sarkin_Tsalle:
To ni a taimaka mini da lemun kwalba. Zan iya barin komai ban da shi. In ya yi sanyi ya ji ƙanƙara, wallahi har kirana yake yi da sunana.

Ɗalibar_Abinci:
Gwangwani ɗaya na mililita 330 na irin baƙin lemun nan yana da sukari wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali tara. Iyakar da aka ba baligi a rana wajen giram 50 ce, an fi so ma a tsaya a 25. Ka ga guda ɗaya ya kusa cinye rabonka na yini. Amma ban ce ka sake shi saki uku ba. Bar shi ya zama na ranar hutu, ka zauna ka sha a nutse ka ji daɗinsa. Sauran ranaku ruwa mai sanyi sosai da yankan lemun tsami ko na'ana'a. Sau da yawa sanyin da gas ɗin ake nema, ba zaƙin ba.

Kwaɗo_Sarkin_Tsalle:
Saki ɗaya dai, da damar kome 😂 Na karɓa.

Ɗan_Tsere:
Na karanta duka. @Mai_Keke ka kama ni, akwai wani sanyi da nake ji a raina bayan na gama gudu da ba na samun sa a ko'ina. Amma ina nan kan bakata. Wannan daɗin ban same shi a watan farko ba, ko na biyu. Tsamin jiki kawai na samu, in zan sauka daga bene sai na dafa bango. Da daɗi na bi, da na daina tun a sati na biyu. Sai an haye wani tudu kafin a ga daɗin, kuma abin da ke haye da mutum tudun ba daɗi ba ne.

Malam_Lissafi:
Tudun ma an auna shi. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bibiyi mutum 96 da suka ɗauki sabuwar ɗabi'a, sakamakon ya fito a 2009. Kafin abin ya zama jiki, tsaka-tsakin lokacin kwana 66 ne, amma wani 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Maganar kwana 21 da ake yawo da ita ba ta da tushe mai ƙarfi. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Abban Mufida yana karyewa a sati na uku, daidai lokacin da zumuɗi ya ƙare, sabo kuma bai iso ba.

Gimbiya_Zee:
Ni dabarar da ta haye da ni tudun: akwai wani labari mai dogon zango da nake saurara a waya, na haramta wa kaina jin sa sai ina tafiya. In an tsaya a wuri mai daɗi, wallahi har ƙagara nake gari ya waye. Agogon kuwa na jefa shi a durowa.

Malam_Lissafi:
Hajiya, kin yi abin da Katherine Milkman ta Jami'ar Pennsylvania ta gwada ke nan. An ba ɗalibai littattafan saurare masu jan hankali da ba sa samun su sai a gidan motsa jiki, zuwansu ya ƙaru sosai da farko. Amma in faɗi wadda za ta yi wa Ɗan_Tsere daɗi: bayan an tafi hutu an dawo, tasirin ya ja baya.

Ɗan_Tsere:
Ka ji ba. Wutar kara.

Mai_Keke:
Wutar kara ma ai da ita ake kunna itace, Yaya.

Bakin_Ganga:
Har yanzu ba wanda ya gaya wa mutumin nan kilo nawa zai rage a wata. Shi teɓa aka ce ya rage.

Sista_Rabi:
Ni da gangan na ƙi. Sikeli shi ne ya fi komai karya gwiwa, don nauyi yana hawa yana sauka da ruwan jiki kawai daga safe zuwa dare. Motsa jiki yana sauke jini yana gyara suga ko da sikeli bai motsa sosai ba. Ya riƙa auna jininsa, ya lura da barcinsa, da yadda yake hawa bene, da ramin bel ɗinsa.

Abban_Mufida:
Jama'a na dawo bayan kwana goma. Na zaro takalmin na kakkaɓe gizo-gizon. Ban yi gudu ba. Ni da maƙwabcina muke tafiya da yamma, minti 25, shi ma ashe likita ya yi masa irin maganar yana ɓoyewa. Sau bakwai muka fita cikin goman. An gasa kabejin Anti Ummu Hanan, karon farko ya ƙone ƙurmus, na biyu Mufida ta cinye mini rabi. Firji kuma na ziyarce shi sau ɗaya da daddare, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ko daɗi nake ji ko sabon shiga ne ke ɗibata, ban sani ba tukuna. Jiya dai mun wuce wasu yara suna buga ƙwallo, ta gangaro wajena, na tare ta da ƙafar hagu na mayar musu. Har yanzu cinyata na ciwo.

Dattijo58:
Na ce maka wata biyu, ɗana. Wata biyu!

Ɗan_Tsere:
Sati na uku muke jira. Ka dawo ka ba mu labari ranar da maƙwabcin ya ce yau ba zai fita ba.

Maman_Biyu:
@Ummu_Hanan Anti, mu da ba mu da abin gashi fa, a kasko zai yi? Kuma a rufe ko a buɗe?